Abokin da Ba Shi da Wuya

Zuwa ga Kawu Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Yaya gwiwar Umma? Yaya shago, yaya tsohon keken ɗinkinka mai tari? Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da sanyin nan ya tarye ni da ita.

Ga wasiƙar da kuka ce dole sai da hannu zan rubuta. Na san dalili. Kun ce a waya daga "lafiya lau" sai "to, sai anjima", ba a samun komai a bakina. To yau zan yi surutu, ka gyara tabarau ka karanta wa Umma.

Ɗakina yana hawa na huɗu a gidan ɗalibai. Gado ne da tebur da taga, tagar kuma bangon wani gini take kallo. Ƙofofi goma sha biyu ne a layinmu, kullum a rufe. Kicin ɗinmu ɗaya, amma kowa ya manna sunansa a kan kayansa, har gishiri. Idan na gai da mutum a matakala, takalminsa yake kallo ya gyaɗa kai.

Akwai wani dogo a ɗakin da ke kusa da nawa. Kwana uku na yi ina haddace abin da zan ce masa da yarensu. Ranar da muka yi kiciɓis, na buɗe baki na ce masa "sai wata rana" a maimakon "barka da asuba". Shi ma bawan Allah ya ce sai wata rana, ya wuce.

Ban manta da sharaɗin Umma ba: idan zangon karatu na farko ya ƙare ban samu ko mutum ɗaya da zai san na kwanta ciwo ba, in tattara in dawo gida. Ban kuma manta kai ka tsaya min ba har ta yarda na taho.

To ku kwantar da hankalinku, na yi aboki. Mai Wanki nake ce masa, a can ƙasan gini yake aiki. Gajere ne, fari, kakkaura. Duk Asabar nakan zauna a gabansa awa guda ina ba shi labarin gida, bai taɓa katse ni ba, sai dai gunaguni ƙasa-ƙasa. Idan aiki ya yi zafi har rawar jiki yake yi. Aibinsa ɗaya ne: ka ba shi safa biyu, ɗaya zai mayar maka. In ban da wannan, sha'aninsa mai sauƙi ne, ba shi da wuya ko kaɗan.

Ɗanka,
Auta

(A bayan takardar:) Kawu, wasa nake yi. Mai Wanki injin wanki ne, na uku daga ƙofa. Gaskiya ban yi aboki ba tukuna, kuma abin yana damuna fiye da yadda na zata. Ka san yadda za ka faɗa wa Umma a hankali.

*

Auta ɗan Yayata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Yaya na nan yadda ka san ta, bayana kuma yana nan yadda ba ka so ka sani. Keken da kake yi wa tsiya shi ya ɗinka maka wandon da ka shiga jirgi da shi, sai ka riƙa girmama na gaba da kai.

Wasiƙarka ta iso. Sau uku na karanta wa uwarka a shago, tana zaune a kan benci. Da na zo kan Mai Wanki sai ta ɗaga hannu sama, hawaye shar. Yaro, tun da ka tafi tsakurar abinci take yi kamar kaza marar lafiya, amma ranar sai da ta nemi ƙari. Kafin la'asar duk layinmu sun ji cewa Auta, wanda ko mai sayar da burodi ba ya iya kallo a ido, ya yi aboki a ƙasar waje.

Ga saƙonninta. Maganar safa, ta ce kada ka kuskura ka zargi mutum, wataƙila ƙafa ɗaya gare shi yana jin kunyar faɗa. Rawar jikin kuma ta ce ba ta ji daɗinsa ba, ka raka shi ya ga likita.

Babbar maganar ita ce, ta ciro shuɗin yadin nan da ta ɓoye shekara shida a ƙasan akwati, wanda ni ko taɓawa ba ta bari in yi. Ta ce in ɗinka wa abokinka riga. Saboda haka ka aiko min da awonsa: tsayi, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu da wuya. Wuyan nan musamman, domin ka san da aikin wuya aka san ni.

Kada ka yi min awon ido. Ka nemi tef. Idan ba ka da shi, ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ka ara. Kuma awo ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai wani ya riƙe maka ɗaya bakin.

Kawunka,
Tela

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Murar ta yi sauƙi. Na ji daɗi da Umma take cin abinci, Allah ya ƙara mata lafiya. Shi ya sa ma ban san ta inda zan fara ba.

Kawu, na san a gaban Umma kake karanta wannan, don haka zan yi magana a taƙaice. Ina roƙonka ka koma kan maganar shafi na biyu. Shafi na biyu, Kawu. Yana da muhimmanci ƙwarai.

Zancen riga kuwa, don Allah a bar yadin nan a akwati. Mai Wanki ba ya karɓar kyauta. Ba ya zuwa ko'ina, inda na fara ganinsa nan yake tsaye har yau. Aikinsa duk na ruwa ne, zai ɓata ta. Kai, a taƙaice dai shi ba mai sa riga ba ne, tunda nake ban taɓa ganinsa da ita ba.

Karatu yana tafiya. Malaminmu na lissafi yana magana da sauri kamar ana binsa, amma ina kamawa.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Lafiya muke, sai dai ka tayar mana da hankali. Da uwarka ta ji mutum yana aikin ruwa a cikin wannan sanyi babu riga, salati ta dinga yi. Ta ce ashe banza ba ta sa shi rawar jiki ba. Ta ce mutanen wurin nan ba su da tausayi, kai ma da kake zaune kana kallonsa awa guda ba ka da shi.

Maganar shafi na biyu da ka nanata, na gane sarai, ai sana'ata ce. Za a yi wa rigar shafi biyu daga ciki, yadi a kan yadi, yadda iska ba za ta ratsa ba. Ka yi tunani mai kyau.

Saura awo. Na riga na jiƙa yadin na goge, almakashi kawai yake jira. In ba ka aiko ba, uwarka ta ce ka ba shi waya ta ji awon daga bakinsa.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata bayanka ya yi sauƙi, Umma kuma ta kwantar da hankalinta. Ba sai an ba shi waya ba, ba ya son magana a waya. Ga awo na kawo.

Na so in ƙirƙiro lambobi in huta, amma na san ka, awon ƙarya ba ya wuce idonka. Sai na bi umarninka. Na tsaya a ƙofar dogon nan har ƙafata ta yi sanyi, sannan na ƙwanƙwasa. Ashe zanen gine-gine yake karanta, tef har uku gare shi. Ya ba ni na ƙarfe, irin mai komawa gidansa da kansa. Ya tambaye ni me zan auna. Na ce abokina. Ya ce a ina yake? Na ce a ƙasa. Sai kawai ya zura takalmi ya biyo ni.

Da muka isa na nuna masa Mai Wanki, Dogo ya kalle shi, ya kalle ni, ya sake kallonsa. Bai yi dariya ba sai da ya tambaya, "Waye zai yi ɗinkin?" Na ce kawuna. Nan fa ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Da ya farfaɗo ya ce aikin kawu ba a yi masa wasa, ya kama bakin tef.

Muna cikin zagaye ƙugu, ni ta nan shi ta can, mun rungume Mai Wanki, sai ga matar da ke kula da ginin, wadda muke kira Mai Makulli. Ta ɗauka sace shi za mu yi. Sai da Dogo ya yi ta bayani, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai.

Ga abin da muka samu, ban ƙara ko inci ɗaya ba, ban rage ba. Tsayi talatin da huɗu. Kafaɗa ashirin da huɗu. Ƙirji casa'in da shida. Ƙugu casa'in da shida. Hannu babu. Wuya babu.

Kawu, don girman Allah ka dubi lambobin nan da idon tela.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Wannan ita ce wasiƙata ta biyu ba amsa, don haka gaisuwata gajera ce. Muna lafiya. Kai fa?

A waccan na gaya maka awo ya iso. Shekara arba'in ina ɗinki, na auna masu tumbi, na auna masu doro, amma ban taɓa cin karo da mutumin da ƙugunsa ya kusa ninka tsayinsa sau uku ba. Uwarka ta ce Allah mai halitta iri-iri, kada a yi wa bawansa dariya. Da na karanta "wuya babu" ta ce ai tun a wasiƙar farko yaron ya faɗa ba shi da wuya, mu ne ba mu fahimta ba. Na ɗinka rigar, na aika tun mako huɗu da suka wuce.

Tun daga nan shiru. Wayarka a kashe. Yaya ta koma tsakurar abinci. Kullum da safe sai ta zo shago ta zauna a kan benci, duk wanda ya wuce da jaka sai ta bi shi da kallo ko mai kawo wasiƙa ne. Jiya ta sa an share ɗakinka, an fitar da katifarka rana. Ta ce mutumin da ba shi da hannu, in ɗanta ya faɗi da me zai ɗaga shi?

Saura mako uku zangonku ya ƙare. Ni na tsaya maka, kuma har yanzu ina tsaye, amma ƙafafuna sun fara gajiya. Wasa ya ƙare, yaro, ina jin tsoro. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu da Umma,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina lafiya yanzu. Ku yafe min. Kawu, wannan karon ka karanta mata duka, gaba da baya, kada ka tsallake ko kalma.

Umma, Mai Wanki ba mutum ba ne. Injin wanki ne. Wasa na fara, da na ji kin ci abinci sai na kasa warwarewa. Bayan na aika awon nan kunya ta hana ni rubutu, ko kiranku na gani a waya ba na ɗauka. Ana cikin haka murar ta dawo, ta sauka a ƙirji. Na kwanta ranar Talata da niyyar in ɗan huta, sai ga shi ko tashi in sa waya a caji na kasa.

Abin da ya cece ni zai ba ku haushi. Tef ɗin Dogo ban mayar ba. Mako biyar yana kan teburina, kullum ina shirya kalmomin godiya, kullum in ce sai gobe. Ranar Alhamis ya gaji ya zo karɓar kayansa. Ya buga ƙofa, ban iya amsawa ba, amma ya ji tari. Ya sake dawowa da rana, ya ji tarin dai. Sai ya sauka ya taho da Mai Makulli ta buɗe. Su biyu suka kai ni asibitin makaranta, shi ya goya ni a matakala, tana biye da takalmana tana yi mana faɗa da yaren da rabinsa kawai nake ji.

Kwana tara na yi a kwance. Kullum sai Dogo ya kawo min miya, kuma wallahi Umma ban taɓa shan gishiri irin wannan ba. Ga surutu. Ba ya tambaya kafin ya shigo, ya ari cokalina ya ɓatar, yana waƙa a banɗaki da murya kamar ana jan tebur. Ya ce yarensu a bakina kamar na ɗan jarida ne, dole sai ya koya min na titi. Mutum ne mai wuyar sha'ani ƙwarai. Jiya har musu muka yi a kan taga, shi yana so a buɗe, ni ina so a rufe.

Ƙunshin rigar da ka aiko yana wurin Mai Makulli duk tsawon lokacin nan. Da na samu ƙarfi muka sauka mu uku muka sa wa Mai Wanki rigarsa. Ta zauna cif, ko tattara babu. Yanzu duk gidan sun sani. Ana saukowa ɗaukar hoto da shi, wata ma ta ɗora masa tukunyar fure a ka. A matakala mutane sun daina kallon takalmi, sai su ce min, "Yaya abokinka?" Wasu har sunana sun iya, ko da yake suna karya shi gida biyu.

Amma Kawu, ina da tambaya. Rigar nan tana da zagayayyen rami a daidai ciki, an yi masa aikin zare mai kyau a gefe, kuma ƙofar injin ta nan take buɗewa. A baya akwai tsaga inda tiyon ruwa yake fita. Ni ban aiko maka da awon waɗannan ba. Wane irin mutum ka ɗinka wa riga da ƙofa a ciki?

Umma, na yi miki ƙarya wata uku. Idan kin ce in dawo, zan dawo, ba zan yi musu ba. Amma ba na so in dawo. Yanzu ne na fara jin wurin nan zai zaunu.

Ɗanku,
Auta

*

Auta, ja'irin yaro,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ka tashi. Muna lafiya, in ka cire kafaɗata ta hagu, kuma yanzu za ka ji dalili.

Ka tambaye ni wa na ɗinka wa riga. Kai yanzu a tunaninka akwai telan da za a miƙa wa abu bai juya bayansa ba? Tun ranar farko na ga shafinka na biyu. Na gama karanta gaban, na juya, na ɗago ido zan ci gaba, sai na ga fuskar Yayata. Rabon da in ga ta yi irin wannan murmushi tun kafin a fara maganar tafiyarka. Sai na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce a raina, tunda yaron nan ba zai ƙwanƙwasa ƙofar kowa don kansa ba, bari in aike shi. Ramin cikin kuwa, sai da na je shagon masu sayar da injuna na durƙusa ina aunawa, suna tambayata ko saya zan yi.

Da ka yi shiru, na yi nadama ba kaɗan ba. Na ce in wani abu ya same ka, da wasana a ciki. Wannan ban gaya wa kowa ba sai kai.

Na karanta mata wasiƙarka duka yadda ka ce, na kuma ciro ta farkon na karanta mata bayanta. Ina gamawa na fara neman hanyar fita. Sai ta ce, "Wato yadina na shekara shida, inji kuka sa wa?" Na ce eh, Yaya. Ta ce, "Har da shafi biyu?" Na ce saboda sanyi. Nan ta ɗauki sandar awona ta sauke min a kafaɗa, a gaban mai jiran wandonsa. Daga nan dariya ta kama ta, daga dariya ta koma kuka, ta sa na maimaita mata wurin goyon nan a matakala har sau huɗu.

Ga hukuncinta. Ta ce ita ba ta ce sai ka tara jama'a ba, cewa ta yi mutum ɗaya da zai san ka kwanta, kuma ya sani. Ka zauna ka yi karatunka. An mayar da katifarka ɗaki. Ƙaryar kuma ta ce tana ajiye da ita, sai ka zo hutu za ku yi maganar.

Ka cika rabin takarda da ƙarar Dogo, wai gishiri, wai surutu, wai yana da wuyar sha'ani. To madalla. Marar wuyan ai ka zauna da shi wata uku, ko sannu bai ce maka ba. Ni mai wuya nake nema, a nan aikina yake fitowa. Yadin ya yi saura, kuma uwarka ta ce na Dogo ne. Ka aiko da awonsa, ka fara da wuyan. Mai Makulli ta riƙe maka bakin tef.

Saƙon uwarka na ƙarshe, ga shi yadda ta faɗa. Ka gai da Dogo, ka ce Allah ya yi masa albarka. Ka gai da Mai Wanki shi ma, domin shi ya fara sauraron ɗanta lokacin da ba kowa, ta yafe masa safar. Sannan in ka gama awon, kada ka mayar wa Dogo tef ɗinsa. Ka tura shi ƙarƙashin katifa, ya riƙa zuwa nema.

Kawunka,
Tela